Babi na Biyar: In Jirgi Ya Iso, a Hannun Wa Za a Damƙa Shi?

"Wai yaushe ne jirgin ƙasa zai iso mana?" Wannan tambaya ba ta tsufa a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Da zarar kuɗin mota ya ƙara tashi, ko an ji an tare hanya, ko manomin shinkafa ya lissafa abin da dako ya ci a kan kowane buhu kafin ya kai Kano, sai ka ji wani dattijo a majalisa ya nisa ya ce, "Da muna da jirgi da ba mu ga wanga hali ba." Ba a rasa matashin da zai tare shi cikin ladabi: "To Baba, wanda aka kai Gusau da Ƙaura fa, ina aka kwana?"

Kowannensu yana da gaskiyarsa. Gwamnatocin tarayya sun sha sanya layin da zai tashi daga Ƙauran Namoda ya bi ta Sakkwato ya kai Illela cikin jerin ayyukan da ake niyya, kuma a 2021 aka ƙaddamar da aikin wani layin daga Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ke nan burin dattijon ba mafarki ba ne. Amma tambayar matashin ta fi yi mana amfani. Ƙarfe ana sayensa ko da bashi ne, ɗan kwangila kuma yana shimfiɗa shi ya kama gabansa. Mutanen da za a bar wa dogon bayan an gama biki an naɗe tabarma, su ne ba a sayowa daga ko'ina. Wane irin hali wannan aiki yake nema a wurinsu? Kuma me ya sa wasu halayen da muke yabo a cikin gida suke zama haɗari a bakin dogo?

Inda dogo ya tsaya

Jirgi ya iso Kano a 1911, ta layin da aka faro daga Baro a bakin kogin Kwara zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne. A 1912 aka buɗe zirga-zirga tsakanin Kano da Ikko. Daga baya aka yanko reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, tafiyar fiye da kilomita 200. A nan ya tsaya har yau. Sakkwato, duk da ita ce hedikwatar lardi, ba ta taɓa ganin tarago ba.

Ba don ƙaunar Zamfarawa Turawa suka yi wannan reshe ba. Gyaɗa suke nema, da auduga, da fatu da ƙiraga. Amma abin ya sauya rayuwar ƙasar duka. Gusau ta bunƙasa saboda tasha, kantunan kamfanonin Turawa suka jeru, baƙi daga kudu suka cika Sabon Gari. Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda a lokacin gundumomi ne ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, sai amfanin gonarsu ya riƙa bin jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, zuwa bakin dogo. Manomin da bai taɓa jin kukan jirgi ba, kuɗin gyaɗarsa ya rataya a wuyan mutanen da bai san sunansu ba: malamin awo, akawun da ke rubuta takardar kaya, mai rufe tarago, da wanda ke yanke shawarar kayan wa za a fara ɗauka.

Na ƙarshen nan ya fi kowa iko. Dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da hotonta, a wani ɓangare shaida ce ta ƙarancin taragu, domin buhunan suna jiran jirgin da zai kwashe su ne zuwa bakin teku, wani lokaci har kaka ta zagayo. Inda taragu suka yi ƙaranci masu kaya kuma suka yi yawa, akawun da ke riƙe da littafin layi yana iya azurta wani ya karya wani da bakin alƙalami kawai. Tun daga nan maganar hali ta shigo aikin reluwe, tun kafin a kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955.

Mutumin da ba a gani

In aka ce ma'aikacin jirgi, yawancinmu direba muke hangowa a kan jirgi, ko mai duba tikiti da kakinsa. Amma ran fasinja ya fara rataya ne a hannun wanda ya fi kowa ƙarancin albashi, wato leburan da ke sintiri a kan dogo.

Da sanyin safiya yake fita, guduma mai doguwar ƙota a kafaɗa, sifana a hannu, jar tuta a naɗe a ɗamara. An yanka masa rabonsa na kilomitoci, zai bi ta gefen ƙarfe ɗaya in zai tafi, ya biyo ta ɗayan in zai dawo. Yana tafe kansa a sunkuye. Ya ƙwanƙwasa nan ya saurara, domin ƙarfe mai lafiya da wanda ya tsage ba amonsu ɗaya ba. Ya ga notin da ya saki a mahaɗar ƙarafa biyu, ya durƙusa ya ɗaure. Ya duba tsakuwar da ke tallabe da dogon ko ta zaizaye. Da bazara abin tsoronsa zafi ne: ƙarfe yana miƙewa in ya sha rana, shi ya sa a tsohon layi ake barin ɗan tsakani a kowace mahaɗa, wanda shi ne ke ba da ƙarar nan da fasinja ke ji a ƙarƙashin tarago. In tsakanin ya toshe, dogon na iya lanƙwashewa. Da damina kuwa, musamman cikin Agusta, ruwa ne abokin gaba. Yana iya kwashe ƙasar da ke gindin kwalbati cikin dare ɗaya ya bar ƙarafan a rataye, in ka hango su daga nesa ka rantse lafiyarsu lau.

Idan ya tarar da haka, ba tsayawa zai yi a wurin yana kaɗa tuta ba. Jirgi mai nauyi da ya ɗauki gudu yana iya cin kilomita guda ko fiye kafin birki ya tsayar da shi, domin ƙarfe ne a kan ƙarfe, kuma direba ba shi da sitiyarin da zai kauce. Dole leburan ya sheƙa da gudu ta ɓangaren da jirgin zai ɓullo, ya yi nisa sosai, sannan ya tare shi.

Yanzu a lura da wani abu. Babu mai kallon wannan mutum. In ya ga dama ya yi rabin tafiya ya zauna gindin tsamiya har rana ta yi sanyi, ya koma ya ce wa shugabansa, "Lafiya lau, Yallaɓai." Kuma galibin ranaku lafiyar ce. Gobe ma haka, jibi ma haka. Wannan shi ne mugun tarkon aikin jirgi: sakaci ba ya nuna kansa nan take, sai ya daɗe yana ba mutum hutu kyauta har ya saba, sannan wata rana ya zo karɓar bashinsa gaba ɗaya, kuma ba a wurin mai sakacin yake karɓa ba. Tsofaffi da yawa a Arewa ba su manta da haɗarin Langalanga na watan Fabrairun 1970 ba, sun san yadda abin yake in taragu cike da mutane suka bar kan dogo.

Sanda ɗaya, jirgi ɗaya

Tsohon layinmu ƙwaya ɗaya ne: mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi, sai a tasha suke kauce wa juna. Yaya ake hana su karo? Dabarar da Turawan Ingila suka ƙirƙiro mai sauƙi ce. Tsakanin kowace tasha biyu akwai wata sanda ko ɗan ƙarfe na shaida, kuma direba ba zai shiga wannan tsakani ba sai tana hannunsa. Na'urorin da ke ajiye sandunan a tashoshin biyu an haɗa su da waya, ta yadda in an zare ɗaya, wata ba ta fita sai an mayar da ta farko. Duk motsin jirgi kuma ana rubuta shi a littafi, da lokacinsa, da hannun wanda ke bakin aiki.

Dabara ce mai kyau, amma duk wata na'ura akwai inda take ƙarewa mutum ya ɗauka. Haɗarin jirgin ƙasa mafi muni a tarihin Birtaniya ya faru ne a wani ɗan wuri mai suna Quintinshill a Sukotland, ranar 22 ga Mayu, 1915, a kan layi mai dogo biyu da sigina da komai. Ma'aikatan sigina biyu ne ke karɓa-karɓa a wurin, George Meakin da James Tinsley. Ƙa'ida ta ce a yi canjin aiki da ƙarfe shida na safe. Sai suka shirya tsakaninsu cewa mai karɓa zai iya makara da rabin awa, ya biyo wani ƙaramin jirgi ya huta da tafiyar ƙasa. Don kada manya su gane, na dare sai ya riƙa rubuta motsin jirage na wannan rabin awar a wata 'yar takarda, na safe in ya iso ya kwafe su cikin littafi da hannunsa.

A safiyar ranar an kautar da ƙaramin jirgin zuwa ɗaya layin don a ba wani mai sauri hanya. Akwai wani ɗan zobe da ƙa'ida ta ce a rataya a hannun sigina don tunatar da cewa layin a toshe yake; ba a rataya ba. Tinsley, wanda a wannan jirgin ma ya zo, hankalinsa na kan kwafe takarda, ya manta da shi yana tsaye a gaban tagarsa, ya ba jirgin sojoji hanya. Suka yi karo. Kamar minti guda bayan haka mai saurin nan ya afka cikin tarkacen. Taragun na katako ne masu fitilar gas, wuta ta kama. Fiye da mutum 220 suka mutu, yawancinsu sojoji. An ɗaure mutanen biyu.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan labari shi ne, babu ɓarawo a cikinsa, babu mashayi, babu mai mugun nufi. Abokan aiki ne biyu suke yi wa juna alfarma. In da a garinmu ne, da kafin ranar an riƙa yabonsu da zaman lafiya da rufa wa juna asiri.

Inda kara ke yin kisa

An tarbiyyantar da mu a kan jin nauyin mutane. Ba a kallon idon babba a ce masa a'a. Ba a mayar da suruki hannu biyu. Wanda ya yi maka rana, ba ka yi masa dare. Da waɗannan halaye garuruwanmu suka rayu, kuma ba ni cikin masu cewa a watsar da su. Sai dai aikin jirgi yana jefa ma'aikaci kullum a wurin da kara da amana suke jan sa ɓangare biyu.

Ɗauki mai gadin mahaɗar titi da dogo. Ya sauke ƙarfe ya tare hanya, jirgi bai bayyana ba tukuna, motoci sun jeru. Sai ga mota mai baƙin gilashi, an sauke taga: "Malam, ɗan ɗaga mana mu wuce, ai bai ƙaraso ba, ana jiranmu wurin ɗaurin aure." Mai maganar ya haife shi, ko kuma ya san gidansu. Masu babur sun fara taya shi: "Haba Malam, a yi wa Alhaji kara mana!" Abin da aikinsa ke nema shi ne ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, ba ya yiwuwa," ya kuma tsaya a kan haka ko za a kira shi marar mutunci. A ranar 9 ga Maris, 2023, a Ikeja ta Legas, wata bas ta ma'aikatan gwamnatin jihar ta kutsa mahaɗa irin wannan duk da masu tuta sun tsayar da motoci, jirgi ya kwashe ta, mutum shida suka rasu. Tsakanin "ai bai ƙaraso ba" da isowarsa daƙiƙu ne.

Ko ɗauki tagar tikiti. Bayan an buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a watan Yulin 2016, kuma hanyar mota ta zama abin tsoro, sai kowa ya koma jirgi: talaka, sanata, janar. Kujeru suka yi kaɗan. Nan da nan kuka ya yi yawa cewa tikiti na ƙarewa a taga tun kafin layi ya motsa, amma ana samunsa a bayan tasha da ninkin kuɗi. Wani na cuwa-cuwa ne tsagwaronta. Wani kuwa ba kuɗi a ciki, waya ce kawai daga kawu ko tsohon maigida: "Ka ajiye mini guda uku." A watan Janairun 2021 aka koma sayar da tikiti ta intanet don toshe wannan ƙofa.

Mai ajiye wa kawunsa tikiti yana ganin bai cuci kowa ba. Amma ranar 28 ga Maris, 2022, da 'yan bindiga suka dasa bam suka tare jirgin Kaduna, suka kashe aƙalla mutum takwas suka sace fiye da sittin, abu na farko da iyalai suka nema shi ne jerin sunaye. Hukumar ta ce mutum 362 ne aka tantance sun shiga, alhali rahotannin farko sun ambaci adadin da ya ninka haka, aka kuma kwashe kwanaki ana bin lambobin waya ɗaya bayan ɗaya don a san wa ya tsira, wa ke daji. A irin wannan rana ce ake gane cewa sunan da ke jikin tikiti, da tsayawar mai duba ƙofa a kan sai fuska ta dace da suna, ba fi'ili ba ne.

Mutanen Mafara da Bakura da Maradun ba sa buƙatar dogon bayani a nan, domin suna da madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, sun kuma san mai buɗe ƙofar ruwa. In ya ƙara wa ɗan'uwansa da ke kan gaba awa biyu don kunya, ruwan bai ƙaru a magudana ba. Daga gonar wani aka ɗebe shi, can a wutsiyar layi, mutumin da mai buɗe ƙofar bai taɓa haɗa ido da shi ba. Haka lamarin yake a tasha. Wanda ake jin nauyinsa yana tsaye a gabanka yana murmushi, wanda zai biya kuɗin karar kuwa ba ya nan balle a ji kunyarsa.

Wannan ba sabon karatu ba ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru kamar biyar yana wa'azi a Zamfara kafin jihadi, kuma a littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu iko cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su. Bai ɗauke ta a matsayin ladabi ba, ko da yake da sunan ladabi ake miƙa ta.

To, ma'aikacin kirki sai ya zama dutse ke nan, ba sani ba sabo? Ko kusa. Akwai karar da ke fita daga aljihun mutum, akwai wadda ke fita daga haƙƙin jama'a. Tsohuwa ta zo tasha da ƙullin kaya da jika a hannu, ba ta iya karanta abin da ke jikin tikitinta ba, ta tsaya tana waige-waige. Ma'aikacin da ya bar kujerarsa ya ce, "Iya, kawo kayan, taragonki na can gaba," ya kai ta har mazauninta, ya yi kara da ƙafarsa da lokacinsa. Shugaban tashar da jirgi ya lalace masa cikin dare ya buɗe ɗakin jira, ya sa aka kawo ruwa, ya fito da kansa ya faɗa wa mutane gaskiyar abin da ya faru maimakon ya kulle ofis ya ɓuya, shi ma haka. In kawu na son tikiti, ɗan'uwansa ya taya shi saya da wuri, ko ya biya masa kuɗin mota. Wannan duk nasa ne, yana da ikon bayarwa. Kujerar wanda ya kwana a layi ce ba tasa ba.

Tsoro ba ya gina hali

Wani zai ce maganin abin ai bulala ce: a tsananta horo, kowa zai shiga taitayinsa. Japan ta gwada, kuma ƙasa ce da ta yi suna wajen tsare lokacin jirgi. Ranar 25 ga Afrilu, 2005, wani direba ɗan shekara 23 ya zarce inda ya kamata ya tsaya a wata tasha, ya ja da baya, ya makara da kamar minti ɗaya da rabi. Kamfaninsa yana da wani irin horo na wulaƙanci ga masu kuskure, kuma ya taɓa ɗanɗana shi. Sai ya roƙi abokin aikinsa da ke bayan jirgi ya rage girman kuskuren in zai kai rahoto, shi kuma ya ƙara wuta don ya cike lokaci. Ya shiga kwanar da aka ƙayyade wa kilomita 70 a awa da gudun kilomita 116. Jirgin ya bar dogo ya daki wani bene a Amagasaki, mutum 107 suka mutu har da shi. Binciken da aka yi ya ɗora wani kaso na laifin a kan wannan salon horo. Ma'aikacin da ya fi tsoron maigidansa a kan haɗari, ɓoye kuskure zai koya. A aikin jirgi kuwa, wanda ya zo da kansa ya ce "na manta ban ɗaure ba" ya fi goma masu cewa "lafiya lau" daraja, kuma hukumar da ke da hankali ba ta sa shi ya yi da-na-sanin faɗa.

Akwai kuma ranar da bin ƙa'ida ido rufe shi ne kuskuren. A daren 2 zuwa 3 ga Disamba, 1984, gubar masana'antar Union Carbide ta lulluɓe birnin Bhopal na Indiya. Mataimakin shugaban tasha, Ghulam Dastagir, da ya ga mutane na faɗuwa, sai ya sallami jirgin fasinjan da ke tsaye tun lokacinsa bai yi ba, ba tare da jiran izini daga sama ba, aka kuma aika wa tashoshin maƙwabta su riƙe jiragen da ke tahowa. Shi bai gudu ba, kuma ya ƙarasa rayuwarsa da ciwon abin da ya shaƙa. Shi ma ya taka doka, kamar mutanen Quintinshill. Bambancin shi ne su don jin daɗin kansu suka yi, a ɓoye, har da takardar bogi. Shi don mutanen da bai sani ba ya yi, a fili, ya ce laifin a wuyansa.

Haƙƙin ma'aikaci

Ba a neman amana wurin wanda aka ci tasa. Ma'aikatan reluwe su ne ƙashin bayan yajin aikin gama-gari na 1945, wanda aka fara cikin watan Yuni aka yi kwana 44, Michael Imoudu na gaba. Abin da suka nema ƙarin kuɗin tsadar rayuwa ne bayan yaƙin duniya ya ninka farashin komai, kuma daga baya gwamnatin mulkin mallaka ta biya. A shekarun da suka biyo, aikin reluwe ya zama abin sha'awa: ga gida a kwatas, ga asibiti, ga albashi a kan kari, ga fansho. Mutum yana tsoron rasa irin wannan aiki, yana kuma alfahari da shi. Yaro yakan shiga a matsayin mai share inji, ya zama mai zuba kwal, ya yi shekara da shekaru a gefen tsohon direba kafin a ba shi jirgi. A wannan zama ne ake koyon abin da ba ya cikin littafi, har da yadda ake ce wa babba a'a ba tare da an ci fuskarsa ba.

Wannan sarƙa ta tsinke. Rikicin 1966 ya kori ƙwararrun ma'aikata 'yan kudu maso gabas daga tashoshin Arewa, wasu ma a nan aka kashe su, yaƙin basasa ya biyo baya. A 1964 jiragen Nijeriya sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11. Zuwa 1974 ba su kai miliyan 5 ba. Kuɗin mai ya karkata ga tituna da manyan motoci. An ɗauko kamfanin RITES na Indiya ya riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan farfaɗo, suna tafiya aka koma gidan jiya. Sai rage ma'aikata, sai albashi ya riƙa makara, sai tsofaffin da suka ba dogo ƙuruciyarsu suka koma zaman jiran fansho wata da watanni. Matashin da ya ga haka da idonsa, ya ga tsohon direban da bai taɓa cin kwabon kowa ba yana neman kuɗin magani, wane darasi ake so ya ɗauka? Ban ce wannan ya halatta masa sayar da tikiti a bayan taga ba. Na ce duk wanda ya riƙe albashin leburan dogo, da hannunsa a notin da ba a ɗaure ba.

Sannan akwai ƙofar shiga. Muna da cibiyar koyar da fasahar sufuri a Zariya tun 1986, ilimin ba shi ne ya gagara ba. Amma in takardar wani babba ce ta ba yaro aiki, ya shigo da bashi a wuyansa tun ranar farko, kuma ranar da mai takardar ya aiko neman alfarma, ba bakin musu. In har layi ya biyo ta ƙasar Mafara wata rana, a nan za a fara ci ko faɗuwa, tun jirgi bai yi kuka ba: 'yan siyasa za su so raba guraben aiki gunduma-gunduma, kowa ya saka nasa.

Na sama ma ana kallonsu. A 1956, bayan wani mummunan haɗari a Ariyalur da ke kudancin Indiya, ministan jiragen ƙasa Lal Bahadur Shastri ya ajiye muƙaminsa, ko da yake ba shi ke tuƙi ba, ba shi ya gina gadar ba. Daga baya ya zama firaministan ƙasar. Leburan da ya ji minista ya sauka saboda gadar da ruwa ya ci, ba sai an yi masa wa'azi a kan muhimmancin sintirinsa ba.

Duk wannan a kan mutanen cikin hukuma ne. Amma dogo ba shi da katanga. Yana ratsa gonaki da burtali da bayan gidaje, kuma mai sintiri ɗaya ba zai iya tsare kilomitocin da dare ya rufe ba. Tsohon layin Zariya zuwa Ƙaura, kamar sauran layukan da jirgi ya daina bi a kai a kai, ya sha fama da masu kwance ƙarafa su sayar wa 'yan gwangwan, da masu gini a filin tasha. Su wa ke saye, su wa ke gani su kau da kai, kuma me ya sa mutumin da ba zai taɓa ɗaukar akuyar maƙwabci ba yake ganin ƙarfen gwamnati ba na kowa ba ne? Babi na gaba zai fita daga tasha ya shiga garuruwan da ke bakin dogo.